Babi na Huɗu: Takarda Ba Ta Jin Zafi

Duk wanda ya taɓa shiga Talata Mafara ranar kasuwa a cikin watan Afrilu, har azahar ta riske shi a bakin titin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato, ya ga abin da zan faɗa. Shaguna ne a jere, na bulo da rufin kwano, an shafe su da fenti, ƙofofinsu na ƙarfe a wangale. Kaya suna ciki, masu kayan suna waje. Wannan ya ja benci ƙarƙashin dogonyaro, wancan ya kafa rumfar buhu yana fifita da kwali. Mutum ya kashe kuɗinsa ya yi gini, ginin kuma ya kore shi. To, bar titin ka kutsa cikin tsohon gari, ka yi sallama a wani zauren ƙasa mai kaurin bango. Da shigarka za ka ji jikinka ya saki kamar an miƙo maka ruwan randa. Gari ɗaya ne, rana ɗaya ce ke dukan su duka biyu, amma wani ginin ya san inda yake, wani bai sani ba.

Kawuna magini ne, a hannun mahaifinsa ya gaji sana'ar. Ranar da na je na gaya masa na samu gurbin karatun zanen gini a jami'a, yana zaune yana gyara ƙotar magirbi. Ya ce, "To, madalla. Shekara nawa za a yi ana koya maka?" Na ce, "Shida, Kawu." Ya yi dariya har da tafa cinya. "Shekara shidda! Ni sai da na yi goma ina cuɗa ƙasa kahin a bar ni in aza tubali. Tai ka yi karatunka, Allah shi bada sa'a. Amma riƙe wanga: takarda ba ta jin zahi."

A lokacin na ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi. Sai da na yi nisa da karatu na gane cewa manhajar shekara shida ya dunƙule mini a jimla ɗaya.

Hanyar da ake bi

A wurinmu duk wanda ya sa hular kwano ya tsaya a wurin gini, injiniya ne. Ya kamata ɗalibi ya rarrabe tun kafin ya cike takardar JAMB, don sana'o'i huɗu ne a ƙarƙashin hular nan. Akwai mai zanen gini, wanda ake ce wa akitek: shi ke tsara yadda gida zai zauna a fili, ina ƙofa, ina taga, ina mutum zai bi, ina iska za ta bi. Akwai injiniyan gine-gine, mai lissafin nauyi, wanda zai faɗi kaurin ginshiƙi da yawan rodin da za a saka a ciki. Akwai masanin aikin gini, wanda ke juya takarda ta koma bango, ya tsara ma'aikata da kayan aiki. Sai mai ƙididdigar kuɗin gini, wanda zai gaya wa mai gida buhun siminti nawa da tifar yashi nawa zai saya kafin a haƙa harsashi. Kowannensu da hukumar da ke yi masa rajista, misali ARCON ta masu zane, wadda aka kafa da dokar soja a 1969, COREN ta injiniyoyi, CORBON ta masana aikin gini.

Karatun zanen gini a Nijeriya ɗan Zariya ne, ko da yake a Ibadan aka haife shi. A 1952 aka fara koyar da shi a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, a 1955 aka dawo da shi Zariya, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kuma ya zama sashe a cikinta. Yau ɗan Mafara ko Bakura ko Maradun yana iya neman sa a can, ko a Jami'ar Bayero ta Kano, ko a jami'ar da ke Wudil, ko a Jami'ar Fasaha ta Minna. Lissafi da ilimin fizis su ne ƙofar shiga. Tsarin da aka fi sani shi ne digirin farko, a ɗora digiri na biyu, a yi hidimar ƙasa, a zauna aƙalla shekara biyu ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, sannan a zauna jarrabawar ƙwararru. Kafin nan, komai kyan hannunka, doka ba ta san ka da sunan akitek ba.

Akwai kuma hanyar kwalejin fasaha, inda ake yin difloma ta shekara biyu, a fita aikin koyo shekara guda, a dawo a yi babbar difloma. Mutanen Mafara ba baƙinta ba ne, tunda tun 1992, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka kafa kwalejin fasaha a garin, shekara huɗu kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara. Daga baya aka sa mata sunan Abdu Gusau, ɗaya daga cikin injiniyoyin gine-gine na farko da Arewa ta samu. Kada ɗan jami'a ya raina ɗan kwaleji. A wurin gini sau da yawa shi ke fara gane cewa bango ya karkace.

Ɗakin zane

Rayuwar ɗalibin zanen gini a ɗaki guda take, wanda ake kira situdiyo. Kowa da teburinsa, a nan ake wuni, a nan ake kwana idan aiki ya matso. Shekarar farko hannu ake horarwa: yadda ake feƙe fensir, yadda ake jan layi mai kauri da siriri, yadda ake rubuta haruffa su fito kamar na inji. Ana koya maka ka ƙanƙantar da duniya, santimita ɗaya a takarda ta tsaya a madadin mita ɗaya a ƙasa. Ana koya maka ka kalli gida ta fuska uku: daga sama kamar an ɗauke rufin, daga gaba kamar mai wucewa, sannan a yanke kamar an sa wuƙa an raba kankana, a ga abin da ke tsakanin daɓe da rufi. Za ka yanka kwali ka haɗa ƙaramin gida da gam, reza za ta sha jinin yatsanka ba sau ɗaya ba. Sai daga baya kwamfuta ke shigowa da AutoCAD da Revit. A gefe kuma ga darussan nauyi da ƙarfin kayan gini, da tarihin gine-gine, da yanayi, da ruwa da lantarki, da wata shida na koyon aiki a waje. Karatu ne mai cin kuɗi da barci, gara iyaye su sani tun da wuri.

Ƙarshen kowane zango akwai abin da ɗalibai ke kira juri. Za ka manna zanenka a bango, malamai su zauna a gabanka, ka kare kowane layi da ka ja. A shekarata ta biyu aka ce mu zana gidan iyali mai mutum takwas. Na kwana uku ina kwaikwayon wani gida da na gani a mujallar Turawa: katafaren falo, gilashi daga ƙasa har sama, ƙofar shiga tana buɗewa kai tsaye cikin tsakiyar gida. Na gama bayani ina jiran yabo. Wani dattijon malami ya gyara tabarau, ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Mafara. Ya ce, "To, Malam, ga baƙo ya yi sallama, namiji, mai gidan ba ya nan. Nuna mini inda zai zauna." Na dubi takardar, babu. Ya ce, "Wannan gilashin naka ina ya fuskanta?" Na duba kibiyar arewa da na zana da hannuna. Yamma ya fuskanta. Ya ce, "Ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, kai za ka zauna a ciki ko mahaifiyarka?"

Na girma ina ratsa zaure da shigifa kafin in kai tsakar gida, amma ban taɓa ɗaukar su a matsayin ilimi ba. Zaure wurin baƙo ne, wurin karatun allo, wurin sana'a, wurin sulhu. Ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, don idon mai wucewa ya tsaya a bango. Wannan tsari ne da aka yi tunani a kansa, aka gwada shi shekaru aru-aru. Ni kuwa na zubar da shi saboda hoto.

Darasin Bakolori

Ɗan wannan yanki ba ya buƙatar tafiya nesa don ya ga abin da zane ke iya yi wa mutane. Madatsar ruwan Bakolori tana nan a kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara aikinta a 1974, aka gama a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita biyar da rabi, an tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, a shayar da gonaki kimanin hekta 23,000. Ta fuskar lissafi, aiki ne da ɗalibin injiniya zai tsaya ya cire hula: shekara fiye da arba'in ke nan bangon yana tsaye.

Amma a ƙarƙashin takardar akwai mutane. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tayar da dubban jama'a, ciki har da mutanen tsohon Maradun, aka mayar da su sabon mazauni a kan tudu, nesa da fadamar da suka saba ci a cikinta. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa an hana su shuka ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, damina ta wuce, wata ta wuce, maganar diyya kuma ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu, aka rasa rayuka, har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen wurin ke faɗa ba su haɗu ba. Can ƙasan gulbi kuma, ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadama ta ragu, shinkafa da kifi suka ragu da ita. Babban ɓangare na filin an tsara shi da bututun fesa ruwa masu dogaro da famfo da lantarki, da kayan suka lalace sai gonaki suka koma jiran sama, har aka zo gyara da tallafin Bankin Duniya shekaru da yawa daga baya.

Ba ana nufin madatsar ba ta yi amfani ba. Shinkafar rani da ake lodi a Mafara da Bakura shaida ce. Abin lura ga mai koyon zane shi ne, an auna gulbi, an auna dutse, an auna kankare, amma ba a zauna da mai gona an auna abin da zai ci bana ba. Kuskuren da na yi a takardar gida mai mutum takwas, shi ne aka yi a takardar da ta shafi dubbai. Nawa malami ya kama shi kafin a haƙa harsashi.

Abin da ƙasa ta sani

Me ya sa zaure ke da sanyi? Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi. Kafin zafin azahar ya ratsa shi ya kai ciki, dare ya yi, iska ta sauya, sai ya riƙa sakin sa sannu a hankali, abin da ke zama alheri a lokacin hunturu. Bulo mai rami ba shi da wannan haƙurin, kwano kuwa da rana ta taɓa shi yake zubo wuta. A aji za a ba ka sunan wannan da lambobinsa. Kawu ba shi da lambobin, amma ya san kaurin da zai ba bangon yamma.

Maginan Hausa suna da kimiyyarsu da kalmominta. Tubali ana mulmula shi da hannu, a shanya, a jera shi tsaye cikin cuɗaɗɗiyar ƙasa. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita biyu. Wannan iyaka ita ta haifi bakan gizo: a riƙa ɗaure azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara Babban Gwani Malam Mika'ilu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a shafe bango don ruwa ya zame. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya koyar a Zariya, a kan maginan Hausa ya yi digirinsa na uku, ya zauna da su ya saurare su kamar yadda ake sauraron malamai.

Sai dai kada a yi wa mutane wa'azin da ba a san ciwonsu ba. Wanda ya bar ƙasa ya koma siminti ba wawa ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, ruwa yana cin gindinsa, damina mai ƙarfi tana kwantar da shi a kan masu barci, giginya kuma ta yi ƙaranci. Ga kuma maganar mutunci: a idon jama'a, gidan bulo alama ce ta cewa Allah ya buɗa wa mutum. Aikin mai ilimi shi ne ya ɗauki sanyin ƙasa ya haɗa da ƙarkon zamani, kuma an riga an nuna yana yiwuwa. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu, Gando, da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar rata don iska ta kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Rana da ƙasar da suka yi aiki da su ba su da wani bambanci da namu.

Sunan Mariam ya kawo ni kan maganar 'ya'ya mata. Rabin gidan Bahaushe, namiji baƙo ba ya ganin sa. Wa ya san inda hayaƙin murhu ke komawa idan iska ta juya? Wa ya san nisan da ke tsakanin rijiya da madafa, ko inda za a ajiye turmi, ko inda za a yi shanya ba tare da maƙwabci ya hango ba? Muna zana wa mata ɗakunan da ba mu taɓa wuni a cikinsu ba. Yarinyar da ta iya lissafi ta kuma iya zane, a bar ta ta karanci wannan fanni, domin za ta shiga inda ba ma shiga, ta ji abin da ba a gaya mana.

Ranar da takarda ta taka ƙasa

Jarrabawa ta gaskiya a wurin gini take. A can za ka haɗu da birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da lebura, kowa ya girme ka a aikin. A can za ka ɗauki bulo ka murza gefensa da yatsa ya zube kamar garin kwaki, saboda an ja buhun siminti ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, ba a kuma ba shi ruwa ya ƙosa ba. Littafi ya ce awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ya ce kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Mai gida kuma zai ja ka gefe ya ce, "Injiniya, a ɗan rage rodin nan mana, abubuwa sun yi tsada." Ranar nan za ka san ko ka yi karatu. Kana iya rage masa faɗin falo, ka cire masa ado, ka ce a gina ɗaki biyu bana a ƙara biyu baɗi. Ginshiƙi kam ba a ciniki a kansa, don waɗanda za su kwana a ƙarƙashinsa ba su cikin cinikin.

Aikina na farko bayan makaranta ɗaki biyu ne da zaure na wata gwaggona, a wani fili da ke bayan gari. Na zana, na kawo wa Kawu don shi zai gina. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Ina gabas?" Na nuna masa. Ya gyaɗa kai, ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce a dakata. Mako biyu ina jin haushi, ina cewa tsoho ya raina ni. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da asuba ya aiko yaro ya taso ni. Muka tafi filin. Daidai inda na sa ɗakin kwanan Gwaggo, ruwa ne kwance har idon sawu, ga hanyar da ya biyo daga tudu a fili kamar an zana. Kawu bai ce komai ba. Ya ciro takardar ya miƙo mini, ya ciro fensir daga bayan kunne ya ɗora a kai.

Saboda haka, kai da kake shirin neman wannan karatu, ga aikin da za ka fara tun kana gida, ba ya buƙatar ko sisi. Samo igiya ka auna gidanku ɗaki-ɗaki, ka zana shi a takarda kamar an ɗauke rufin. Sa alamar gabas. Rubuta inda mahaifiyarka ke zama da hantsi, da inda take komawa da la'asar, ka tambaye ta dalili. Idan hadari ya taso, lura da bangon da ruwa ya fi duka da kwanon da iska ta fi ɗagawa. Da an ɗauke ruwa, fita ka bi shi ka ga inda ya nufa. Adana takardar nan. A babi na gaba, inda za mu shiga maganar harsashi da irin ƙasar da ake ɗora shi a kai, da ita za mu fara.